Fashin baƙi: wai da gaske gem ya fi gudu a Linux a kan Windows?

Wai da gaske ne in ka goge Windows ka saka Linux gem ɗinka zai ƙara gudu, ko kuwa surutun 'yan YouTube ne kawai? Tambayar ta dawo da ƙarfi tun ranar 14 ga Oktoba 2025 da Microsoft ta daina kula da Windows 10, domin Windows 11 ɗin da aka ce a koma tana da sharuɗɗa, sai kwamfuta mai wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, in Intel ce kuma sai janareshan na 8 zuwa sama, mu kuwa da yawa daga cikin laftof ɗin da ke hannunmu 'yan Beljiyam ne, janareshan na 4 ne ko na 6, suna aiki lafiya lau amma an ce musu sun tsufa. To shi ne ka ga samari suna ta tambaya, wannan Linux ɗin da ake cewa kyauta ce kuma ba ta da nauyi, za ta ɗauki gem?

In ka saurari masu amsawa za ka ji su gida biyu. Akwai masu cewa Linux ta riga ta kayar da Windows, a tafi kawai. Akwai masu cewa Linux ba ta buga gem sam, abin 'yan kutse ce masu rubutu a baƙin allo. Na biyun suna ba da labarin shekarar 2015 ne, na farkon kuma suna ba da labarin wata na'ura guda ɗaya da suka gani a bidiyo suna zaton kowace kwamfuta haka take. Ni abin da na fahimta shi ne tambayar ce ma ba a yi ta daidai ba, ba sunan manhajar ke yanke hukunci ba, katin girafik ɗin da ke cikin kwamfutarka ne, da yaren da aka rubuta gem ɗin da shi, da kuma ko masu gem ɗin sun yarda ka shiga.

Ita Linux ɗin mece ce

A taƙaice babbar manhaja ce kamar Windows, wadda kwamfuta ke tashi da ita, sai dai ita rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake, kowa na iya karantawa ya gyara ya raba. Linus Torvalds ne ya fara ta a 1991 yana ɗalibi a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland. Abin da ya rubuta zuciyar ce kawai, wato kanel, wasu kuma suka riƙa ɗora mata jiki kala-kala, shi ya sa za ka ji Ubuntu, Linux Mint, Fedora, Arch, da waɗanda aka shirya musamman don gem irin su Bazzite da Nobara da SteamOS. Wayar Android ɗin da ke hannunka ma zuciyar Linux ce a cikinta, don haka ba baƙuwa ba ce kamar yadda ake ɗauka.

Me ake nufi da "gudu"

Nan ake fara rikicewa. Gem ba bidiyo ba ne da aka riga aka ɗauka, kowane hoto da ka gani a allo a lokacin kwamfuta ta zana shi, kuma adadin hotunan da take iya zanawa a sakan ɗaya shi ake kira fps. In 30 ne, kowane hoto yana da kusan milisakan 33 kafin na bayansa ya fito, in 60 ne kusan 17. Lambar da ake nunawa a bidiyon gwaji yawanci matsakaici ce, ita kuwa matsakaiciyar lamba tana ɓoye abu mafi ban haushi, wato i'ina. Gem zai iya nuna maka 60 amma duk lokacin da ka shiga sabon wuri ko wani abu ya fashe sai ya ƙame na ƙiftawar ido, kuma daidai wannan ƙiftawar ake harbe ka ko a zura maka ƙwallo. Duk wanda ya taɓa riƙe pad ya san 40 mai tafiya sumul ta fi 60 mai i'ina daɗi. Don haka in an ce maka Linux ta fi ko ba ta fi ba, ka fara tambaya, a wace lambar? A Linux akwai wata 'yar manhaja MangoHud da ke zana maka layin lokacin kowane hoto a gefen allo, in layin a miƙe yake to lafiya, in yana ta tsalle kamar haƙoran zarto to ga matsalar nan.

Gem yana Turanci, gida ana Hausa

Ga asalin matsalar. Gem ba ya magana da katin girafik kai tsaye, akwai yaren da yake ba da umarni da shi, zana wannan, haska wancan, sa inuwa a nan. Kusan duk manyan gem na kwamfuta da DirectX ake rubuta su, shi kuma DirectX mallakin Microsoft ne, a Windows da Xbox yake zaune. Linux ba ta jin sa. Yarukan da take ji su ne OpenGL, tsohon, da Vulkan wanda ƙungiyar Khronos ta fitar a Fabrairun 2016, an kuma gina shi ne a kan wani aiki na AMD mai suna Mantle.

To in baƙo ya zo ba ya jin yaren gida, ko dai ya koya ko a nemo tafinta. Koyon shi ne kamfanin gem ya sake fitar da shi musamman don Linux, kuma kaɗan ne suka yarda su yi wannan wahalar saboda kasuwar ƙarama ce. Sai aka koma ga tafinta. Na farko shi ne Wine, aikin da aka fara tun 1993, wanda ke sa manhajar Windows ta zaci a gida take, in ta nemi fayil ko sauti ko madannai sai ya juya buƙatar zuwa abin da Linux ke ganewa. Mutane da yawa suna ɗauka emuleta ne irin wanda ake buga gem ɗin PS2 da shi a kwamfuta, ba haka ba ne, kuma bambancin yana da muhimmanci. Emuleta yana kwaikwayon wata na'ura ce gaba ɗaya shi ya sa yake cin ƙarfi sosai. Shi Wine ba ya kwaikwayon komai, furosesa ɗin dai ita ce, lissafin gem ɗin yana tafiya kai tsaye, wurin da gem ya ɗaga murya ya kira Windows ne kaɗai tafinta ke shiga.

Shekara da shekaru Wine yana juya DirectX zuwa OpenGL, kuma a nan ake asarar gudu mai yawa, domin yarukan biyu ba su da tsari iri ɗaya. Abin ya canja ne a 2018 da wani Bajamushe mai suna Philip Rebohle ya fito da DXVK, wanda ke juya DirectX 11 zuwa Vulkan. Abin dariyar shi ne dalilin da ya sa ya fara, gem guda ɗaya yake son bugawa a Linux, Nier: Automata, ya ƙi yi masa, sai ya zauna ya rubuta tafintan da kansa. Valve, kamfanin da ke da Steam, babban kantin sayar da gem na kwamfuta, ta ga aikin ta ɗauke shi tana biyansa. Yau DXVK yana ɗaukar DirectX 8 har zuwa 11, wani kuma mai suna VKD3D-Proton yana ɗaukar DirectX 12. A watan Agustan 2018 Valve tare da kamfanin CodeWeavers suka haɗa Wine da DXVK da sauran tafintoci a ƙunshi ɗaya suka sa masa suna Proton suka cusa shi cikin Steam, ta yadda kai dai danna maɓallin wasa za ka yi, tafintan yana bayan labule.

In kana cikin yaran da ke fama da Winlator don su buga GTA a wayar Android, to ka riga ka san waɗannan sunayen ko ba ka lura ba. Wine ɗin nan ne a ciki, DXVK ɗin da kake ta canja wa lamba a saitin shi ne dai wannan, Turnip ɗin da ake ce maka ka saka in wayarka Snapdragon ce kuma direba ne, wato manhajar da ke sarrafa girafik, daga Mesa, gidan buɗaɗɗun direbobin girafik na Linux. Bambancin kawai a waya akwai ƙarin Box64 da ke juya lissafin furosesar kwamfuta zuwa ta waya, shi ya sa wayar ke zafi kamar dutsen guga.

Me ya kai Valve zuba kuɗi a abin kyauta

Ruwa ba ya tsami banza. A 2012 da Windows 8 ta taho da nata kantin sayar da manhajoji, shugaban Valve Gabe Newell ya fito fili ya kira ta bala'i, tsoronsa kada wata rana Microsoft ta rufe ƙofa ta ce duk mai sayar da gem sai ta kantinta. Kasuwar Steam gaba ɗaya a filin wani take zaune, to mai hankali ya nemi wani filin ko da na ajiya ne. A shekarar ne suka nuna Left 4 Dead 2 yana kai 315 fps a Linux alhali a Windows 270 da 'yan kai yake yi, a 2013 suka kawo Steam kan Linux, a 2015 suka fitar da na'urorin Steam Machine. Waɗannan kam sun faɗi warwas, gem ɗin da ke yi a kansu kaɗan ne, waɗanda ke yi ɗin ma da jaridar Ars Technica ta gwada sun fi gudu a Windows. Daga nan ne sunan Linux ya ɓaci a wurin 'yan gem, kuma har yau wasu a nan suka tsaya.

Valve ba ta bari ba, ta dai canja dabara, maimakon roƙon kamfanoni su koyi yaren sai ta ƙarfafa tafinta, ta kuma riƙa biyan masu rubuta direbobi albashi. Amfanin ya fito a Fabrairun 2022 da Steam Deck, 'yar na'urar hannu ta dala 399 mai ɗauke da SteamOS da aka gina kan Arch. Miliyoyin mutane suka saye ta, da yawansu ba su ma damu da cewa Linux ce a ciki ba. A ƙididdigar da Steam ke fitarwa duk wata Linux ta wuce macOS a Yulin 2023, ta haura kashi 3 cikin ɗari a Oktoban 2025, a Nuwamba kuma Valve ta sanar da sabuwar Steam Machine. Kashi 3 ba wani abin buga ganga ba ne, Windows ce har yanzu ke riƙe da sama da kashi 90, amma ya isa ya sa kamfanin gem ya duba ko kayansa na tashi a Steam Deck kafin ya fitar.

Ta yaya mai tafinta zai riga mai jin yare

Hankali zai ce duk abin da ya bi ta tafinta dole ya yi jinkiri, kuma gaskiya ne akwai kuɗin fito, tafintan yana cin ɗan ƙarfin furosesa. Amma ba shi kaɗai ne a lissafin ba. Na ɗaya Windows ba ta zama shiru, tana gem tana duba sabuntawa, tana binciken ƙwayar cuta, tana ɗauke da kaya iri-iri a baya, a babbar kwamfuta ba za ka ji ba amma a ƙaramar na'ura mai RAM kaɗan ko mai watt 15 kacal irin Steam Deck kowane ɗigo yana da daraja. Shi ya sa a 2025 da Lenovo ta fitar da Legion Go S kala biyu, mai Windows 11 da mai SteamOS, aka samu damar gwaji na adalci a ƙarfe ɗaya, kuma a mafi yawan gem ɗin da Ars Technica ta gwada SteamOS ce a gaba. Wannan gwajin da irinsa su ne tushen duk bidiyon "Linux ta doke Windows" da kuke gani. Gaskiya ne, amma ku lura na'urar hannu ce mai guntun AMD.

Na biyu kuma, wanda ya fi burge ni, tafinta mai wayo yana iya gyara maganar mai magana. Lokacin da Elden Ring ya fito a Fabrairun 2022 yana ta i'ina a Windows har a kwamfutoci masu tsada, saboda yadda gem ɗin ke ta nema yana sakin wurin ajiya ba tsari. Injiniyoyin Valve ba su taɓa gem ɗin ba, a cikin Proton suka sa gyaran, tafintan ya riƙa ajiye abin da ya san za a sake nema, sai ga shi a Steam Deck ya fi zama sumul. Abin har ya juyo, masu Windows da kansu suna ɗauko DXVK su saka a tsofaffin gem irin GTA IV don ya daina ja musu ƙafa.

Sai maganar sheda, ba shedar kotu ba, wasu 'yan ƙananan umarni ne da ke gaya wa katin girafik yadda zai zana ruwa, wuta, fata, hayaƙi. Kowanne sai an juya shi zuwa yaren ainihin katinka kafin ya yi aiki, in kuma aka bari sai a tsakiyar wasa aka juya, to i'inar nan ce. A farkon zamanin DXVK wannan ne babban ciwon Linux, awa ta farko a sabon gem wahala ce. Valve ta rage shi ta hanyar rubuta sabon injin juyawa mai sauri mai suna ACO don katunan AMD, wanda ya zama na dindindin a Mesa a 2020, da kuma sa Steam ya riƙa sauko da shedojin da aka riga aka tattara. Ku riƙe wannan na ƙarshen, zan dawo kansa domin mu ya fi shafa.

Wane kati ne a cikin kwamfutarka

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara yi. Direba a nan ba na mota ba, manhajar da ke tsakanin babbar manhaja da katin ce, kuma ingancinsa shi ne rabin labarin.

In AMD ne ka yi sa'a. Direbansu a buɗe yake, yana cikin kanel ɗin Linux da Mesa, ba ka sauko da komai, ka saka Linux kawai ya tashi. Ɓangaren Vulkan ɗinsa mai suna RADV ba ma AMD ce ta fara shi ba, wasu mutum biyu ne Dave Airlie da Bas Nieuwenhuizen a 2016, Valve ta zo ta zuba masa ma'aikata saboda shi Steam Deck ke amfani da shi. A katunan AMD gudu yawanci kunnen doki ne da Windows, wani gem ɗin nan ta fi wani can ta fi. Inda aka daɗe ana baya shi ne fasahar bin sawun haske da sababbin gem ke taƙama da ita, sai kuma HDMI 2.1, wanda a 2024 ƙungiyar da ke riƙe da shi ta hana AMD sakawa a buɗaɗɗen direba, abin da zai dami mai babbar talabijin ta 4K ne kawai ba ni da kai ba.

In Nvidia ne labarin ya fi tsawo. Su direbansu a rufe yake tun fil azal, kuma rigimarsu da mutanen Linux tsohuwa ce, a Yunin 2012 a jami'ar Aalto Linus Torvalds ya ce su ne kamfani mafi wahalar sha'ani da suka taɓa hulɗa da shi, ya kuma ɗaga musu yatsa a gaban kyamara. Abubuwa sun gyaru tun daga nan, a Mayun 2022 sun buɗe ɓangaren direban da ke zama cikin kanel, a 2024 direba mai lamba 555 ya magance ƙyaftawar allo da ke damun masu amfani da Wayland, sabon tsarin nuna allo na Linux. Gem ɗin DirectX 11 da na Vulkan suna tafiya kusa da Windows. Amma a DirectX 12, wanda shi ne yaren yawancin sababbin manyan gem, masu gwaji sun daɗe suna nuna katin Nvidia yana asarar gudu a Linux, a wasu gem ɗin asarar da ido ke gani, saboda yadda katin ke tsara bayanan kayan zane bai dace da hanyar da tafintan ke bi ba. Don haka mai katin Nvidia na RTX da ya koma Linux don neman ƙarin fps a sabon gem, akwai yiwuwar ragi zai gani. Masu GTX 1050 da 1060 kuma, waɗanda su ne suka cika laftof ɗin gem na hannu a kasuwanninmu, su sani jerin direba na 580 shi ne na ƙarshe da Nvidia ta ce zai ɗauke su, a Windows da Linux duka.

Akwai wani tarko a laftof masu kati biyu da ni kaina na faɗa. Na saka Linux, na kunna gem, ya riƙa tafiya kamar hawainiya, fanka shiru, na kwana biyu ina zagin manhajar a zuciyata. Ashe ban saka direban babban katin ba, gem ɗin a kan ƙaramin girafik na cikin furosesa yake ta wahala, babban yana kwance yana barci. Da na saka direban na sake kunnawa, abin da ya fara gaya min an dace ƙarar fanka ce da iska mai zafi da ta bugi hannuna ta gefen hagu. In gem ya yi maka nauyi fiye da kima, kafin ka yanke hukunci duba sunan katin da MangoHud ke nunawa.

In kuma Intel ne na cikin furosesa, wanda shi ne a yawancin laftof ɗin ofis da muke saye, direban a buɗe yake shi ma kuma yana da kyau, amma akwai layi. DXVK tun daga na 2.0 da ya fito a Nuwamban 2022 yana buƙatar Vulkan 1.3. Janareshan na 6 zuwa sama, irin HD 520 da UHD 620, suna da shi. Na 3 da na 4, masu HD 4000 da HD 4400, Vulkan ɗinsu bai cika ba, sabon Proton zai iya ƙin buɗe gem ɗin gaba ɗaya, sai dai ka koma tsohon Proton ko ka tilasta masa bin tsohuwar hanyar OpenGL mai jinkiri. Wannan shi ne abin da masu cewa "Linux tana farfaɗo da tsohuwar kwamfuta" ba sa faɗa. E tana farfaɗo da ita wurin buɗe burauza da rubutu da kallon bidiyo, za ka ji ta yi sauƙi, amma a gem ɗin Windows tsohuwar laftof ɗin 2013 tana iya fin yin kyau a Windows ɗinta. Kuma babu manhajar da za ta mayar da HD 520 ta zama RTX, abin da bai tashi a can ba ba zai tashi a nan ba.

Katangar da ba ta girafik ba

Ga inda gizo ke saƙar, kuma ba ruwansa da fps. Manyan gem na intanet suna zuwa da mai gadi, manhajar kama masu maguɗi, kuma da yawansu yanzu suna shiga har cikin kanel ɗin Windows su zauna suna leƙen komai. Wine ba ya iya fassara wannan, domin babu kanel ɗin Windows a wurin balle a shiga. A Satumban 2021 manyan masu gadin biyu, Easy Anti-Cheat da BattlEye, sun sanar cewa suna aiki da Proton, amma sun bar wa kowane kamfanin gem zaɓi ya kunna ko ya ƙi. Wasu sun kunna, wasu sun ƙi.

Fortnite ba ya yi, shugaban Epic, kamfanin da ya yi shi, Tim Sweeney ya faɗa tun 2022 cewa ba su da tabbacin za su iya tare maguɗi a can. Valorant ba ya yi, League of Legends ya daina a 2024 da aka saka masa mai gadi mai suna Vanguard, sababbin Call of Duty ba sa yi, PUBG na kwamfuta ba ya yi. Apex Legends yana yi lafiya har ƙarshen Oktoban 2024 da EA, kamfanin da ke da shi, ta rufe ƙofar. GTA V ɓangaren labari yana tafiya, amma GTA Online ya tsaya tun Satumban 2024 da aka saka masa BattlEye. Wanda kuma ya fi taɓa mu, ƙwallo, tun daga FIFA 23 da EA ta kawo nata mai gadin, shi da duk FC ɗin da suka biyo baya ba sa tashi a Linux. Ga mutumin da duk gem ɗinsa a duniya shi ne ya ɗauki Madrid abokinsa ya ɗauki Barca, maganar ta ƙare a nan, ko Linux za ta ba shi fps dubu.

Kowane ɓangare yana da hujja. Kamfanonin suna cewa a tsarin da mai kwamfuta zai iya canja kanel ɗinsa yadda ya ga dama, mai maguɗi yana iya ɓuya a inda mai gadi ba ya gani, kuma ba za su ɓata wasan mutum ɗari saboda mutum uku ba. Mutanen Linux kuma suna cewa maguɗin bai ƙare a Windows ba duk da wannan leƙen, sannan ba wa kamfanin gem makullin ɗakin kwana na kwamfutarka ba ƙaramin abu ba ne. Ni a ganina duka biyun suna da gaskiya, sai dai wanda ya sayi gem da kuɗinsa yana bugawa shekara biyu aka wayi gari aka rufe masa, shi kam an cuce shi. Counter-Strike 2 da Dota 2 dai na Valve ne, suna da na Linux na asali. Masu buga Free Fire ko COD Mobile a kwamfuta ta GameLoop ko BlueStacks su ma su sani waɗannan ba su da na Linux.

Mu da ke sayen data da awo

Na ce zan dawo kan shedojin da Steam ke saukowa. A ƙasar da intanet ba shi da iyaka wannan alheri ne, a wurinmu kuwa abu ne da sai ka sa masa ido, domin ba sau ɗaya yake saukowa ba, gem ya sabunta ko direba ya canja sai ya sake, wani lokaci ɗaruruwan megabait wani lokaci ya haura giga, ga Proton ɗin kansa da kayan da yake tafiya da su su ma sai an sauko da su a karon farko. Ana iya kashe shi a saitin Steam ɓangaren saukarwa, kuma da sababbin direbobi i'inar da za ka gani ba ta kai ta da ba. Ire-iren Linux masu sabuntawa kullum irin Arch da CachyOS su ma suna shan data, duk da su ne ke samun sabon direba da wuri. Mint ta fi natsuwa da sauƙi ga sabon shiga, amma in katinka sabo ne fil tana iya zuwa da tsohon direba.

Gem ɗin da ba na Steam ba, na kantunan Epic da GOG, akwai manhajojin Heroic da Lutris da ake buɗe su da su. Waɗanda ake tura wa mutane a hadis (hard disk) a shago kuwa, wani zai tashi ta Lutris wani ba zai tashi ba, kuma ba wanda za ka kai wa ƙara. Sannan in ka ajiye gem ɗinka a ɓangaren hadis mai tsarin NTFS na Windows kana so Steam na Linux ya karanta daga can, yana yawan kawo matsala, gem ya ƙi buɗewa ba tare da ya ce maka komai ba.

Wani ƙanena ya kalli bidiyo ɗaya da daddare, kafin asuba ya goge Windows gaba ɗaya har da hotunan bikin yayarmu, da rana ya zo min da laftof a hannu wai gem ɗinsa na ƙwallo ya ƙi tashi. Da ya tambaye ni kafin ya yi, da na ce masa ya rubuta sunayen gem biyar da ya fi bugawa ya shiga ProtonDB ya duba kowanne, shafi ne da masu wasa ke rubuta abin da suka gani da irin katinsu, daga Platinum mai tashi ba gyara har zuwa Borked wanda ba ya yi sam, sai kuma Are We Anti-Cheat Yet don na intanet. In duka biyar ɗin suna yi kuma katinsa AMD ne ko Intel na 6 zuwa sama, ya kwashe fayilolinsa a wani wuri tukuna, ya yanka wa Linux giga 100 a gefe ya bar Windows a inda take, in ya kunna kwamfuta ta tambaye shi wacce zai shiga. Shi dai a ranar sai da muka nemo filasha muka mayar masa da Windows, hotunan bikin kuma muka bi 'yan uwa a WhatsApp ɗaya bayan ɗaya muna roƙo a turo.